Sawari Ba Zawarci Ba Ne

Sallama gare ku masu bin labarina, har da ku masu karantawa a ɓoye ba kwa ko tofa albarkacin bakinku, ina sane da ku. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice. Sunana Ni'imatullahi, 'yar Malam Maharazu manomin shinkafa, a wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Na taɓa aure a cikin Kano, zaman bai yi ba, na dawo ɗakin Inna da akwatina da keken ɗinkina. Bazawara ce ni, kuma ba na ɓoyewa, don ko na ɓoye Gwaggo Sa'a za ta gaya muku.

Akwai abin da ba ku sani ba tunda rubutuna kawai kuke gani. Muryata a dushe take tun ina yarinya. Haka Allah ya yi ni, in na yi magana sai ka ji wani ƙugi-ƙugi a ƙarƙashinta. Tsohon mijina cewa yake kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, kuma a gaban abokansa yake faɗa su yi ta dariya. Tun daga nan na koyi magana ƙasa-ƙasa. Ko Baba ne ya tambaye ni abu, yawanci da kai nake amsa masa.

To, mu zo kan Mudassiru.

Ranar da na fara ganinsa na ɗauka ba shi da cikakken hankali. Na kai wa Baba abinci gona a ranin bara, sai na tarar da wani dogon mutum da malafa ya tsuguna a gaban injin ban ruwanmu, ya miƙa masa waya kamar ɗan jarida yana hira da babban mutum. Gonarmu a kan tudu take, ruwan kanal ba ya hawa da kansa, sai da inji. Injin nan kuwa ya girme ni. Dattijo Baba yake ce masa, saboda ba ya tashi sai ya yi tari ya gyara murya, kuma duk wanda ya ce a sayar da shi ya shiga uku da Baba.

“Malam, lafiya?” na ce.

Ya ɗaga min hannu wai in yi shiru. Ni da gonar ubana! Sai da ya gama abin da yake yi ya miƙe, ya cire malafar.

“Ki yi haƙuri. Injin nan akwai wani kiɗa a cikinsa, ban taɓa jin irinsa ba.”

A raina na ce, Allah ya ba ka lafiya, bawan Allah.

Ashe sabon malamin gona ne, ɗan Kadawa. An tura shi ƙasar Japan koyon noman shinkafa, ya dawo da ilimin da aka aike shi, ya kuma haɗo da wanda ba a aike shi ba. Shamisen sunan abin. Ku ƙaddara gurmi ne ya yi boko: wuya dogo siriri, tsirkiya uku, ciki mai kusurwa huɗu an ɗaure shi da farar fata, abin bugawar kuma sak marar kwasar tuwo.

Wata tsohuwa ce ta koya masa, maƙwabciyar gidan da ya sauka a can, ita ma manomiya. Ba ta jin Turanci, shi kuma yarensu gaisuwa kawai ya iya. Da safe ya taya ta cirar ciyawa, da yamma ta zaunar da shi zaman tahiya har ƙafafunsa su mutu, ta sa shi buga tsirkiya ɗaya tal. Tun ana dashe yake kan tsirkiyar nan har shinkafa ta fara fitar da kai. In ya yi gaggawa ta make masa hannu da mafici. Ni da na san halina, da tuni na ajiye mata kayanta na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, amma shi ya zauna. Ranar da zai taho ta ɗauko shamisen ɗin marigayi mijinta ta danƙa masa. Duk sanda yake ba ni wannan labarin sai ya sassauta murya, ni kuma sai in ji ya ƙara girma a idona.

Da ya dawo bai samu abokin bugawa ba, sai ya haɗa da kwamfuta. Yana da wani ɗan akwati mai maɓallai masu kawo wuta kala-kala, kowane maɓalli ya zuba masa sautinsa. Wannan ƙarar ruwa in an buɗe ƙofar kanal, wancan gwangwanayen korar tsuntsaye, wancan kwaɗi bayan an yi ban ruwa. Sai ya jera su su zama ganga, sannan ya hau kansu da shamisen. Da ya fara zuwa zance ya sa min a kunne na ji, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abubuwan da na tashi ina ji kullum ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, mutumin nan ya wanke su ya dawo min da su.

Baba yana son sa sosai a lokacin, don shi ya nuna masa dashen layi-layi da ya ƙara masa buhuna. Amma malamin gona ya sani, bai san da kiɗa ba. Sau ɗaya Mudassiru ya taɓa kawo shamisen ɗin gidanmu, ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Garun Malam. Inna ta hango doguwar jakar ta ɗauka abin awon gona ne, ni kuma ban gyara mata ba.

A zaure ya buɗe, ya miƙo min marar.

“Taɓa ta saman nan, mai kaurin.”

Na taɓa. Ta yi ƙara, sai kuma wani ƙugi ya biyo baya, kamar ƙudan zuma ya faɗa cikin tulu.

“Ta lalace,” na ce. “Ka ji tana karkarwa.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Da gangan aka yi ta haka. Barin ta ake yi tana ɗan gogar itacen. Sawari suke ce masa. Tsohuwar da ta koya min ta taɓa toshe shi da yatsa ta buga min, ta ɓata fuska ta girgiza kai. Wato in babu shi sautin ya yi tsafta da yawa, ba rai a ciki.” Ya dube ni, ya kawar da kai. “Masu sassaƙa abin nan wahala suke sha kafin su samu abin da Allah ya ba ki kyauta a maƙogwaro.”

Jama'a, na sha jin kalaman maza, na farko ma ai gwanin kalamai ne. Amma ba a taɓa yaba min abin da nake ɓoyewa ba. Na ja mayafina na rufe fuska, na ce masa ya tashi ya tafi magariba ta kusa, alhali ko la'asar ba a daɗe da yi ba.

Ana cikin haka rani ya ƙare, Dattijo ya yi tarinsa na ƙarshe. Makanikai suka ce sai dai a kai wa masu sayen ƙarfe. Baba ya ƙi, ya sa aka ɗauko shi aka ajiye a kusurwar zaure, ya lulluɓe shi da buhu. Ya sayi sabo, amma kullum cewa yake sabon ba shi da ladabi. Mudassiru kuma ya ce magabatansa za su zo neman aurena. Komai yana tafiya lafiya lau, sai Gwaggo Sa'a ta zo kwana biyu.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Ta yi ajin yaƙi da jahilci da girmanta, tun daga nan ba rubutun da yake tsira a gabanta, ko na jikin buhun taki ne sai ta karanta da ƙarfi. Tana kuma da wani Alhajinta mai shagon taki a Garun Malam da take ta tallata min, wai bazawara ba ta zaɓe. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina yanka tumatir ina shanyawa, wayata tana caji a ɗakin Inna, sai saƙo ya shigo. Ga abin da Mudassiru ya rubuto:

“Ni'ima, har yanzu sawarinki nake ji. Ki yarda in ɗauka in saka a sabon kiɗan nan, duniya ta ji irin abin da muke da shi a Bunkure.”

Salati kawai na ji. Gwaggo ta fito da wayata a hannu, ɗankwalinta ya zame, ko takalmi babu.

“Yaya! Yaya Maharazu! Zo ka ji abin kunya! Zawarcin 'yarka za a saka a waƙa, duniya ta ji an sako ta!”

“Gwaggo, sawari ya rubuta, wani abu ne na…”

“Rufe min baki! Ni za ki koya wa karatu? 'Yan boko ai ba sa cika harafi. Ashe makaɗi ne! Maroƙi ne ya sa rigar malamin gona ya shigo mana gida!”

Inna ta leƙo da muciya a hannu. Baba ya shigo daga zaure. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya karɓi wayar ya miƙo min ba tare da ya duba ba.

“Gaskiya ne yana kiɗa?”

Na gyaɗa kai.

“A gidan nan ba mu taɓa ba maroƙi 'ya ba. Ban ce mun fi su a wurin Allah ba, amma kowa da gidansa. Magabatansa su dakata. Shi kuma ya zo min da abin nasa in gani da idona. In maroƙi ne zan gane.”

Na san 'yan birni cikinku za su ce wane zamani ne wannan. To, a nan haka abin yake. Ana son makaɗi a biki, ana yi masa kyauta har a cire riga a ba shi, amma ba a ba shi 'ya. Abin da ya rage tsakanina da Mudassiru shi ne abin da idon Baba zai gani a zauren nan.

Na shige ɗaki na rubuta masa.

Ni: Kada ka zo da shi. Ka ce na abokinka ne, ko ka ce ka daina.

Shi: Ba zan fara shiga gidanku da ƙarya ba, Ni'ima.

Ni: To ka shiga da gaskiya ka fita ba mata.

Shi: Ki yi mana addu'a. Kuma ki ci abinci.

Na yi jifa da wayar kan katifa. Haushinsa ya cika ni, kuma a cikin haushin nan na san ko da ya yarda ya yi ƙaryar, da ya rage daraja a wurina.

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo. Na saka atamfata ruwan ganye mai zanen fanka, ɗinkin hannuna, na yi turaren wuta, na ɗaura ɗankwali na kwance na sake ɗaurawa, duk da na san labulen ƙofar zaure kawai zai gan ni. Ni da Inna da Gwaggo muka yi cirko-cirko a bayansa, kowa da ramin da take leƙe. Baba yana kan buzu da shuɗiyar babbar rigarsa mai aska, wadda ba ya sawa sai Juma'a da ɗaurin aure. Mudassiru ya shigo da farar shadda da hula zanna, ya durƙusa ya gaishe shi, gumi yana bin wuyansa. Ya jera kwamfutar da ɗan akwatin da ƙaramar sifika, ya fito da shamisen ɗin daga jaka, ya lanƙwashe ƙafafu ya zauna a kansu.

“Salla zai yi ko kiɗa?” in ji Gwaggo a kunnena. “Wannan ce Shamsiyyar? Ko ƙiba babu.” Shamisen take nufi.

Baba ya ce, “Kafin komai, mene ne sawari?”

Mudassiru bai yi dogon bayani ba. Ya yi bismilla ya taɓa tsirkiyar sama, ya bar ta ta yi ƙuginta har ta gaji.

“Wannan ƙugin ne, Baba. Shi ne ran abin.”

Na ga idon Baba ya zo kan labule ya koma. Uba ne, ya san muryar 'yarsa. Amma cewa kawai ya yi, “Buga.”

Ya danna maɓalli, ruwa ya fara zuba a zauren. Gwangwanaye suka shigo, kwaɗi suka amsa. Sai aka yi tari. Aka sake tari, aka gyara murya, sannan tuk, tuk, tuk-tuk-tuk. Carbin da ke hannun Baba ya tsaya cak.

“Dakata. Maimaita wurin nan.”

Ya maimaita.

“Wannan ai Dattijo ne.”

“Shi ne, Baba. A gonarka na ɗauka, ranin bara.”

Baba ya juya ya dubi buhun da ke kusurwa, ya daɗe yana kallo. Sai Mudassiru ya ɗaga marar ya sauke.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Bai yi kirarin kowa ba, bai ambaci sunan kowa ba, baki ma bai buɗe ba. Ya rufe ido, bayansa a miƙe, hannun hagu yana zirga-zirga a wuyan abin, na dama yana dukan fata da tsirkiya lokaci guda. Dattijo yana riƙe masa tafiya, shi kuma yana zagaya shi, wani lokaci ya yi sanyi kamar ruwa yana bin kunya-kunya, wani lokaci ya taso da ƙarfi har ƙasan zauren ta amsa. Na ga gonarmu da sassafe. Na ga Baba da ƙuruciyarsa yana jan igiyar inji, ni ina goye a bayan Inna. Inna ta kama hannuna ta matse. Gwaggo ma, Allah shaida, ƙafarta tana motsi, da ta ga na gani ta take ta da ɗayar. Na kalli mutumin nan na ce a raina, ko Baba ya hana ni shi, na gode wa Allah da na san akwai irinsa.

Ya tsaya. Tsirkiyar sama ta ci gaba da ƙuginta ita kaɗai har ta mutu.

Baba ya miƙe, idonsa jajur. Ya kama wuyan babbar rigarsa ya cire ta, ya rage daga shi sai 'yar ciki, ya taka ya ɗora ta a kafaɗar Mudassiru.

Gwaggo ta mintsine ni. “Alhamdulillahi. An sallami maroƙi.”

Ta yi gaskiya. Riga ita ce babbar kyautar da ake yi wa makaɗi in ya taɓa zuciya. In Mudassiru ya karɓa, ya amsa sunan da bakinsa, maganar aure ta mutu. In ya mayar, ya wulaƙanta dattijo a zaurensa, ita ma ta mutu. Har yau ban sani ba ko tarko Baba ya ɗana masa, ko kuwa zuciyarsa ce ta riga tunaninsa. Na ga dai shi ma ya yi turus bayan ya ɗora, kamar wanda ya tuna wani abu a makare.

Mudassiru ya ajiye shamisen a hankali. Ya sauke rigar da hannu biyu, ya ninke ta a kan cinyarsa, ninki mai kyau kamar na mai guga. Ya tashi da ita ya nufi kusurwa, ya kaɗe ƙurar buhun, ya ɗora ta a kan injin. Sannan ya dawo ya durƙusa.

“Allah ya ƙara girma, Baba. Mai kiɗan ga shi can, na miƙa masa. Ni rakiya kawai na yi masa.” Ya ɗago kai. “In kuma roƙo ne, na yarda ni maroƙi ne. Amma abu ɗaya na zo roƙa a gidan nan.”

Can sai kafaɗun Baba suka fara rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce yake dannewa.

“Wato injina ne maroƙin.” Ya koma kan buzu ya zauna, ya share ido da bayan hannu. “Yaro, na ba ka riga ka bai wa inji. In na ba ka abin da ka roƙa, wa za ka bai wa?”

“Wannan ba na kyauta da shi, Baba.”

Gwaggo ta ja tsaki ta ce ita ba za ta tsaya kallon wannan wasan yara ba, amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Baba ya juyo ya fuskanci labule.

“Ni'imatullahi. Na san kina nan. Na farko ni na zaɓa miki, kin ga yadda ta kaya. Wannan kina son sa?”

Na gyaɗa kai, na manta labule ne a gabana. Inna ta zungure ni. Na ce “E” a yadda na saba, iska kawai ta fita.

“Ban ji ba,” in ji Baba. “Ɗaga murya. A yi mana sawarin mu ji.”

Na kama labulen da hannu biyu. Rabon da in saki muryata a gaban namiji tun ina gidan wancan. Na ja numfashi na sake ta gaba ɗayanta, da dushewarta da ƙuginta, har kajin Inna suka watse a tsakar gida.

“Ina son sa, Baba!”

Ta ramin labulen na ga Mudassiru ya sunkuyar da kai, hannunsa yana lalube a kan ɗan akwatin nan mai maɓallai. Baba ma ya gani.

“Kul ka ɗauki muryar nan,” ya ce. “Wannan sai bayan magabatanka sun zo.”